Baƙin da suka zama 'yan gida: yadda ikilisiyar Chin ta shiga zumuntar Menonait

Karatu: Ayyukan Manzanni 11:19-30

Kafin a shiga wannan darasi yana da kyau mai jagora ya sa wani ya karanta nassin da ke sama da ƙarfi domin kowa ya ji. A wurin ne Luka ya ba mu labarin masu bi da tsanani ya warwatsa bayan an kashe Istifanas. Waɗansunsu suka kai har Antakiya, suka kafa taro a ƙasar da ba tasu ba. Da labari ya kai Urushalima, ikilisiya ta aiki Barnaba ya je ya gani da idonsa, ya kuwa yi murna da su. Ba a daɗe ba aka yi annabcin yunwa, sai ga ikilisiyar Antakiya ita ce take tara gudummawa tana aika wa 'yan'uwa a Yahudiya. Labarin da za mu duba yau ya faru a zamaninmu, ya kuma bi kusan wannan sawu. Labarin mutanen Chin ne na ƙasar Myanmar, wadda a dā ake kira Bama, da yadda wata ikilisiyarsu ta 'yan gudun hijira a garin Kitchener na ƙasar Kanada ta zama ɗaya daga cikin ikilisiyoyin Menonait.

Su wane ne mutanen Chin?

Mutanen kan dutse ne. Jiharsu tana yammacin Myanmar, a kan iyaka da Indiya da Bangaladash, babban garinsu kuwa shi ne Hakha. Yawancinsu manoma ne da suke sare daji a gangaren dutse, su ƙone, su shuka masara da gero da shinkafar tudu, in ƙasa ta gaji su matsa gaba. Ƙidayar shekarar 2014 ta nuna mutanen jihar ba su kai rabin miliyan ba, kuma wajen kashi 85 cikin 100 Kirista ne, alhali a ƙasar gaba ɗaya kusan mutum tara cikin goma mabiya addinin Buda ne. Harsunansu suna da yawa ƙwarai. Mutumin Hakha da mutumin Tedim da mutumin Matupi duk Chin ne, amma ba lallai su ji maganar juna ba.

Bishara ta iso musu ran 15 ga Maris 1899, lokacin da Arthur Carson da matarsa Laura, 'yan mishan na ɗarikar Baptis daga Amurka, suka sauka a Hakha. Shekara biyar suna aiki ba a sami ko mutum ɗaya da ya ba da gaskiya ba. Sai a 1904, a ƙauyen Khuasak, mutum biyu masu suna Thuam Hang da Pau Suan suka karɓi Yesu tare da matansu. Ya kamata a lura cewa babban ɓangare na aikin ƙauyuka malaman makaranta ne 'yan ƙabilar Karen suka yi shi, waɗanda su ma 'yan ƙasar ne da suka riga su jin bishara. Carson ya rasu a Hakha a 1908. A shekarar ce Herbert Cope ya zo, wanda ya yi ƙoƙari sosai wajen rubuta harsunan yankin da baƙaƙen boko, har aka buga Sabon Alkawari cikin harshen Tedim a 1932. A 1966 gwamnatin soja ta sallami 'yan mishan na waje. Ikilisiya ba ta mutu ba, sai ma ƙara yaɗuwa da ta yi a hannun fastocinta da masu bishararta na gida.

Mun tsaya a kan wannan tarihi ne domin wani dalili. Sa'ad da mutanen Chin suka isa Kanada, sun isa ne da bangaskiyar da ta kai shekara ɗari, da Littafi Mai Tsarki cikin harshensu, da dattawansu da mawaƙansu. Ba wanda ya kai musu bishara a can. Abin da suka rasa gida ne da dangi.

Abin da ya raba su da ƙasarsu

Soja sun ƙwace mulki a 1962 ƙarƙashin Janar Ne Win, amma wahala ta fi tsanani bayan 1988, lokacin da aka murƙushe zanga-zangar jama'a da bindiga, aka kuma cika duwatsun Chin da barikokin soja. Aka riƙa kama mutanen ƙauye ana sa su aikin tilas, su yi wa soja dakon kaya kwana da kwanaki ba lada, ko da a tsakiyar girbi ne, ko ranar Lahadi. Manyan gicciye da ikilisiyoyi suka kafa a kan duwatsu aka rushe su, a wasu wurare aka tilasta wa Kirista su gina ɗakin ibadar Buda a gurbin. Samun izinin gina majami'a ko gyara ta ya zama abu mai wuya ƙwarai. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara shaidar waɗannan abubuwa cikin rahoton da ta fitar a 2009.

A kan wannan sai ga yunwa. Akwai wata irin gora da ta cika dazuzzukan yankin, wadda ba ta fure sai kusan bayan kowace shekara 48. In ta yi fure ta zubar da 'ya'ya, ɓeraye su ci su hayayyafa ba iyaka, in 'ya'yan gorar sun ƙare su afka wa gonaki da rumbuna. Wannan ya faru wajen 2007 da 2008, ƙauyuka da yawa suka rasa abin da suka noma.

Dubban mutane suka ƙetare zuwa jihar Mizoram ta Indiya, waɗansu suka wuce Delhi, da yawa kuma suka bi ta Tailan da taimakon masu fasa-ƙwaurin mutane har suka kai Maleshiya. Ƙasar Maleshiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, saboda haka a idon doka su baƙin haure ne, ana iya kama su a tsare a kowane lokaci. A cikin wannan hali suka yi shekaru suna aikin gini da wanke-wanke a gidajen abinci, suna jiran takardar hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ko a can ba su bar taruwa ba. Sukan yi hayar ɗaki a saman bene su yi sujada, kuma ta wurin waɗannan tarurruka ne ake kula da marar lafiya, a bi sawun wanda aka kama, a binne wanda ya mutu. Daga baya aka kwashe da yawansu zuwa Amurka, musamman birnin Indianapolis, waɗansu zuwa Ostareliya da Norwe da Kanada. Haka iyalan Chin suka fara sauka a Kitchener, gari mai nisan wajen kilomita 100 yamma da Toronto, cikin shekarun 2000. Suka kafa taronsu mai suna Chin Christian Church.

Masu masaukin su ma sun san gudu

Domin mu gane dalilin da ya sa waɗannan biyu suka dace da juna, sai mun ɗan koma baya. Ran 21 ga Janairu 1525, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, waɗansu samari masu nazarin Littafi Mai Tsarki, cikinsu da Conrad Grebel da Felix Manz da George Blaurock, suka yi wa juna baftisma, domin sun gaskata baftisma ta mutumin da ya tuba da kansa ce, ba ta jariri ba. A wancan zamani wannan laifi ne a gaban gwamnati. Abokan gabansu suka sa musu suna Anabaptis, wato masu maimaita baftisma. A 1527 aka ɗaure Manz aka nutsar da shi cikin kogin Limmat. Dubbai suka bi bayansa, waɗansu ta wuta, waɗansu ta takobi. Sunan Menonait ya fito ne daga Menno Simons, wani firist na Katolika a ƙasar Holan wanda ya bar muƙaminsa a 1536 ya shiga cikinsu, ya kuma ƙare rayuwarsa yana ɓuya yana kiwon garken da ya warwatse. Waɗanda suka san EYN a cikinmu sun san dangin wannan gida, gama Ikilisiyar 'Yan'uwa da ta fara a Jamus a 1708, wadda mishanta suka soma aiki a Garkida a 1923, ta sha daga wannan rijiya, ita ma kuma ana lasafta ta cikin ikilisiyoyin salama.

Tun daga lokacin Menonait suka zama mutanen ƙaura. Waɗansu suka tafi Pensilvaniya a Amurka tun 1683, jikokinsu kuma suka haura Kanada wajen 1800 neman ƙasar noma. Garin Kitchener kansa su ne suka fara sare dajinsa. Da farko ana kiransa Ebytown, da sunan gidan Eby, wanda ɗansu Benjamin Eby ya zama shugaban ikilisiya, aka kuma gina ɗakin sujada na farko a 1813. Daga baya garin ya zama Berlin, sai a 1916 aka sa masa sunan da yake da shi yanzu. Waɗansu Menonait kuma suka zauna a Yukren ƙarƙashin sarakunan Rasha tun 1789. Da juyin juya hali da yaƙin basasa da yunwa suka auka musu, 'yan'uwansu na Amurka suka kafa hukumar agaji ta MCC a 1920 domin aika musu abinci. Cikin shekarun 1920 wajen mutum 21,000 suka tsira zuwa Kanada. Kuɗin jirgi bashi kamfanin jirgin ƙasa ya ba su, ba a kuwa gama biyan bashin ba sai a 1946.

Mutanen da kakanninsu suka ba su irin wannan labari ba sa bukatar dogon wa'azi a kan baƙo. A watan Maris 1979 MCC ta Kanada ta zama ta farko cikin ƙungiyoyin ikilisiya da ta ƙulla babbar yarjejeniya da gwamnati, wadda ta ba kowace ikilisiya dama ta ɗauki nauyin iyalin 'yan gudun hijira na shekara guda: ta biya musu haya, ta ciyar da su, ta sa yara a makaranta, ta taimaki manya su sami aiki. Cikin 1979 da 1980 Kanada ta karɓi wajen mutum 60,000 daga Biyetnam da Laos da Kambodiya, fiye da rabinsu kuwa ikilisiyoyi da ƙungiyoyin jama'a ne suka ɗauki nauyinsu. Daga cikin waɗannan ne 'yan ƙabilar Hmong na Laos suka kafa ikilisiyarsu ta Menonait a Kitchener. Saboda haka lokacin da Chin suka zo, akwai waɗansu mutanen dutse daga Asiya da suka riga suka bi hanyar, suna sujada cikin harshensu, ba kuwa wanda ya ce sai sun zama Turawa tukuna.

Yadda ake shiga

Ba dukan Chin ne suka zama Menonait ba. Mafi yawansu a ƙasashen waje sun ci gaba da zama Baptis, sun kafa tarayyar ikilisiyoyinsu. Amma taron Kitchener ya shiga tarayyar Menonait ta gabashin Kanada, wadda aka kafa a 1988. Haka wata ikilisiyar Chin a Kalgari ta shiga tarayyar Menonait ta jihar Alberta, wata kuma a Houston ta Amurka ta shiga tarayyar yankinta.

A wajen koyarwa, gadar ba ta da tsawo. Baptis da Menonait duka suna yi wa wanda ya ba da gaskiya baftisma, duka suna barin ikilisiyar gari ta tafiyar da al'amuranta, duka kuma sun tsaya a kan cewa gwamnati ba ta da iko a kan lamirin mutum. Akwai kuma bukatu na yau da kullum. A jihar Ontario fasto ba ya ɗaura aure bisa doka sai ɗarikar da gwamnati ta sani ta tsaya masa. Ana bukatar rajista, da lissafin kuɗin baiko da za a nuna wa hukuma kowace shekara, da wurin taruwa. Sabbin ikilisiyoyin baƙi sukan fara ne a falon wani, sa'an nan su ari majami'ar waɗansu da yamma bayan masu ita sun tashi. Ƙaramin taro na ma'aikatan masana'anta da ba su ƙware a Turanci ba zai sha wuya in ya ce zai bi waɗannan hanyoyi shi kaɗai.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne ba a yin abin da gaggawa. A tarayyar gabashin Kanada akan fara karɓar sabon taro a matsayin na ɗan lokaci, a yi shekaru ana ziyartar juna, shugabanni suna nazarin shaidar bangaskiyar Menonait ta 1995 mai sassa 24, kafin wakilan ikilisiyoyi su amince da cikakken shiga a babban taron shekara. Wannan jinkiri yana tsare kowane ɓangare. Wanda aka ciyar da shi yana jin nauyin wanda ya ciyar da shi, kuma abu ne mai sauƙi ya ce "na yarda" don kunya kawai. Mu da muke aikin agaji mun san wannan haɗari. In buhun masara ya zama kuɗin shiga ikilisiya, an ɓata agajin, an kuma ɓata ikilisiyar. Tsarin ɗaukar nauyin 'yan gudun hijira ba ya ɗora wa kowa sharaɗin addini, Menonait sun ɗauki nauyin mabiya Buda da Musulmi da yawa waɗanda suka ci gaba da addininsu.

Baƙin kuma ba hannu wofi suka shigo ba. Yawancin tsofaffin ikilisiyoyin Kanada furfura ta fi yawa a cikinsu, taron Chin kuwa cike yake da yara da samari, da ƙungiyoyin mawaƙa, da addu'a da azumi, da sujadar da ba a duban agogo. Amma suna da tasu damuwa. Yaran da aka haifa a Kanada Turanci ya fi zama a bakinsu, wa'azi cikin harshen iyaye yana wuce su, in kuma aka koma Turanci tsofaffi su zama kurame a gidansu. Bambancin harsunan Chin ma yakan sa taro ya rabu gida biyu ko uku tun bai yi ƙarfi ba.

Inda gizo yake saƙa

Akwai abu guda da Menonait suka riƙe wanda yawancin Baptis ba su ɗauka a matsayin ka'ida ba. Sun gaskata mai bin Yesu ba ya ɗaukar makami, ko don yaƙin ƙasa, ko don ramuwa, bisa ga koyarwar Ubangiji a Matiyu sura 5 da ta Bulus a Romawa sura 12. Labarin da suka fi ba 'ya'yansu shi ne na Dirk Willems na Holan. A 1569 ya tsere daga kurkuku, ya bi ta kan tafkin da sanyi ya daskarar ya zama ƙanƙara. Mai binsa ya fi shi nauyi, ƙanƙarar ta fashe da shi. Dirk ya juyo ya ciro shi daga ruwan, aka kama shi nan take, daga baya aka ƙone shi da rai.

Wannan koyarwa tana da daɗin ji a garin da babu ƙarar bindiga. Ran 1 ga Fabrairu 2021 soja suka sake ƙwace mulki a Myanmar. Da aka riƙa harbe masu zanga-zanga, samarin Chin suka ɗauki bindigogin farauta suka kafa rundunonin tsaron kai, aka gwabza a Mindat da sauran wurare. Ran 18 ga Satumba na shekarar, soja suka yi wa garin Thantlang ruwan wuta. Wani matashin fasto na Baptis, Cung Biak Hum, ya fita domin ya taimaka a kashe gobara, aka harbe shi. Mutanen garin, wajen 10,000, suka watse. Ran 29 ga Oktoba aka ƙone gine-gine fiye da 160 a garin, har da majami'u. A watan Fabrairu 2024 kuma gwamnatin soja ta fara aiki da dokar ɗaukar matasa aikin soja dole, maza daga shekara 18 zuwa 35, mata daga 18 zuwa 27.

Sai mu sa kanmu a matsayin mai bi ɗan Chin da ke zaune a Kanada. Ya amince da shaidar bangaskiyar da ta hana ɗaukar makami. Ƙanensa yana daji da bindiga, yana tsare ƙauyen da mahaifiyarsu take. Ana zagayawa cikin 'yan ƙasarsa ana tara kuɗi, wani na abinci da magani, wani na mayaƙa. Me zai ba da, me zai hana? Ba mu ga ya dace wanda bai taɓa kwana a daji ba ya yi saurin yanke masa hukunci.

Su kansu Menonait sun taɓa tsayawa a wannan mararraba. A 1918 da 1919, da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukansu a Yukren, waɗansu samarinsu suka kafa rundunar tsaron kai duk da koyarwar iyayensu. Ta tsare su na ɗan lokaci, sa'an nan ramuwa ta biyo baya. A ƙauyen Eichenfeld kaɗai an kashe fiye da mutum 70 a dare guda cikin 1919. Daga baya taron ikilisiyoyinsu ya ce ɗaukar makamin kuskure ne, amma har yau jikokinsu suna muhawara a kai. A ganinmu wannan tarihi ne ya ba su bakin magana da Chin, domin suna magana ne a matsayin waɗanda aka taɓa ƙone musu gida, suka gwada hanya biyun duka.

Kamar yadda Antakiya ta aika da gudummawa Yahudiya, haka zumuntar ta koma har gida. A Myanmar akwai ikilisiya mai suna Bible Missionary Church, wadda Fasto Amos Chin ya shugabanta, kuma tana cikin Majalisar Menonait ta Duniya. Fastocin Chin na Kanada sun riƙa komawa can suna koyarwa, ta wurinsu kuma ikilisiyar Menonait ta Kanada ta ƙulla dangantaka da ita. Bayan juyin mulkin 2021 membobinta da yawa sun rasa gidajensu, aka riƙa aika musu da taimakon abinci da magani, shugabanninta kuma suka riƙa tara matasa suna koya musu hanyar salama a daidai lokacin da soja suke nemansu ta gefe ɗaya, 'yan tawaye ta ɗaya gefen.

In an gama karatu, mai jagora ya raba jama'a ƙungiya-ƙungiya, maza da mata da matasa, a tattauna waɗannan. Da wane ido Barnaba ya dubi taron Antakiya, me kuma ya yi bayan ya gani (aya 22 zuwa 26)? In waɗanda rikici ya kora suka sauka a ƙauyenmu suna so su yi sujada cikin harshensu, za mu ba su majami'armu, kuma da wane sharaɗi? Ta yaya za mu raba kayan agaji har wanda ba na ɗarikarmu ba, ko ba na addininmu ba, ya karɓa ba tare da jin an saye shi ba? Matasa kuma su ɗauki tambayar ɗan'uwan nan da ƙanensa yake daji, su faɗi abin da za su ce masa in ya zo neman shawararsu.